Kwarin Joux, Inda Ake Ƙera Agogo Da Hannu

Matafiyin da ya bar birnin Jeneba na ƙasar Suwizalan cikin mota ya fuskanci arewa, ba zai daɗe ba zai ga hanya ta rabu da gonakin inabi na bakin babban tafki, ta soma hawan duwatsun Jura tana karkacewa dama da hagu. Can bisa, a wata mashiga da ake kira Marchairuz, wadda tsayinta ya haura mita 1,400 daga doron teku, sai hanyar ta kama gangara, mutum ya hangi wani dogon kwari shimfiɗe a ƙarƙashinsa, ga tafki a tsakiya, ga kurmi baƙi ƙirin ya yi masa shinge. Wannan shi ne Kwarin Joux, mutanen wurin kuwa suna faɗin sunan kamar a ce Ju. Faransanci ne harshensu, kuma iyakar ƙasar Faransa tana bayan kurmin nan ne kawai.

In don abin kallo ne, baƙo zai ce ba wani abu a wurin sai shanu masu ƙararrawa a wuya, da 'yan ƙauyuka jere a bakin ruwa. Jama'ar kwarin duka kimanin dubu bakwai ne. Amma fa a cikin watan Nuwamba na shekarar 1969 babu wanda zai yarda, da an ce masa wata rana agogon hannu guda ɗaya, wanda wani mutumin kwarin nan ya ƙera shi kaɗai, za a sayar da shi faran miliyan huɗu da dubu ɗari bakwai da hamsin na kuɗin Suwizalan. Haka kuwa aka yi a wani gwanjo da kamfanin Phillips ya yi a Jeneba cikin Nuwamba na shekarar 2021. Sunan maƙerin Philippe Dufour. Wanda yake so ya gane abin da ya sa attajirai ke zuba irin wannan dukiya a kan agogon da na batir ya fi shi faɗin lokaci daidai, dole ya fara da sanin kwarin kansa.

Sanyi Ne Ya Koya Musu Sana'a

Kwarin Joux yana bisa tsayin kimanin mita 1,000. Tsawon tafkinsa wajen kilomita tara ne, kuma a shekarar da hunturu ya tsananta yakan daskare har mutane su yi tafiya a kansa. Ƙasar wurin ba ta da albarkar noma, dusar ƙanƙara kuwa takan rufe ta wata da watanni. A zamanin da, in ƙanƙara ta toshe mashigun duwatsu, mutanen kwarin sukan yanke da sauran duniya sai bazararsu ta zo. Jirgin ƙasa bai iso ƙauyen Le Pont da ke bakin kwarin ba sai a 1886, dalilin kawo shi ma shi ne fataucin ƙanƙara, wadda ake sarewa daga kan ƙaramin tafkin Brenet ana kai wa har birnin Faris. Sai a 1899 dogon ya kai ƙauyen Le Brassus da ke ɗaya ƙarshen.

To, manomin da ƙanƙara ta kulle a gida rabin shekara ba zai zauna hannu rabbana ba. Tun da wuri mutanen kwarin suka kama ƙira, da sassaƙa, da gyaran duwatsun ado. Waɗansu daga cikin kakanninsu 'yan gudun hijira ne daga Faransa, waɗanda rikicin addini ya koro, kamar Pierre LeCoultre da ya zo a 1559. A cikin shekarun 1740 ne wani saurayi mai suna Samuel-Olivier Meylan ya sauka zuwa garin Rolle ya koyi ƙera agogo, ya komo gida ya koya wa waɗansu. Daga nan sana'ar ta yaɗu gida gida.

Har yau baƙon da ke yawo tsakanin ƙauyukan zai lura da wani abu a tsofaffin gidajen gona. A can sama, dab da rufi, akwai tagogi da yawa a jere. Ba don ado aka yi su ba. Shanu suna ƙasa, iyali suna tsakiya, a saman kuwa maigida da 'ya'yansa ke zama gaban tagogin nan suna aikin agogo da hasken rana, domin aiki ne da ba ya yiwuwa cikin duhu. Wani gida ba ya yin komai sai 'yan faya-fayai masu haƙora, wani kuma sai kusoshi, wani sai guduma da waya masu buga ƙarfe nawa. In hanya ta buɗe sai a tattara a kai wa dillalai.

Daga cikin irin waɗannan gidaje manyan kamfanonin kwarin suka fito. Antoine LeCoultre ya kafa maƙerarsa a ƙauyen Le Sentier a 1833, ita ce ta zama Jaeger-LeCoultre. A 1844 ya ƙago wani ma'auni mai iya auna kashi ɗaya cikin dubu na milimita, abin da ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. A 1875 kuma waɗansu samari biyu, Jules Louis Audemars da Edward Auguste Piguet, suka haɗa hannu a Le Brassus, kamfaninsu na Audemars Piguet yana hannun zuriyarsu har yanzu. A 1901 aka buɗe makarantar koyon sana'ar agogo a Le Sentier.

Aikin Wani, Sunan Wani

Abin da kwarin ya yi fice a kai shi ne agogo mai wuyar sha'ani, watau wanda bai tsaya ga nuna sa'a da minti ba. Akwai mai nuna kwanan wata ba tare da ya ɓata lissafi ba ko da a shekara mai kwana 366. Akwai mai auna gudun doki. Akwai kuma mai buga lokaci da sauti, domin mai shi ya san ƙarfe nawa cikin dare tun ba a san wutar lantarki ba.

Amma duk da wannan gwaninta, shekara da shekaru sunan maƙeran kwarin ba ya fitowa a fuskar agogo. Su ke ƙera kayan ciki, manyan kantunan Jeneba da Faris da Landan su saya, su ƙarasa, su sa a gida na zinariya, su rubuta nasu suna. Babban misali shi ne agogon aljihun nan da kamfanin Patek Philippe na Jeneba ya miƙa wa wani attajirin Amurka mai suna Henry Graves a 1933. Agogon yana yin ayyuka 24 ban da nuna lokaci, kuma a 2014 an yi gwanjonsa a kan faran miliyan 23 da ɗoriya. Gidan Victorin Piguet na Le Sentier yana cikin waɗanda suka yi babban aikin kayan cikinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shekarun Agogon Batir

Kafin a ci gaba, ya kamata mai karatu ya san bambancin agogon wani da na batir. A cikin agogon wani akwai sifirin, watau doguwar tsiririyar ƙarfe da aka naɗe cikin ɗan gwangwani. In aka wana agogo sai sifirin ya ɗaure, sa'an nan ya riƙa warwarewa yana tura jerin faya-fayai masu haƙora, su kuma su juya hannuwan agogo. Da za a ƙyale shi, da ya warware gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Saboda haka aka sa wani ɗan ƙarfe mai baki biyu, yana tarewa yana saki, shi ne ke yin 'yar ƙarar nan da ake ji in an kara agogo a kunne. Mai ba shi umarni kuwa wani ɗan zobe ne da ke lilo gaba da baya, da sifirin siriri kamar gashi a tsakiyarsa. Daidaiton lilon zoben nan shi ne daidaiton agogo. Agogon wani mai kyau yakan yi kuskuren 'yan daƙiƙoƙi a kowace rana.

Ranar 25 ga Disamba, 1969, kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu mai suna Astron. Shi ba ruwansa da zobe mai lilo. Batir ne ke sa wani ɗan ƙanƙanen dutse ya riƙa kaɗawa sau dubbai a daƙiƙa guda. Irin agogon batir da ake yi a yau dutsensa yana kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, kuskuren da zai yi a wata guda bai fi wanda na wani zai yi a kwana biyu ko uku ba. Da farko yana da tsada, amma kafin shekara goma ya yi araha har ya kai hannun kowa.

Wannan abu ya girgiza Suwizalan. A 1970 masu aikin agogo a ƙasar sun kai wajen 90,000, amma zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun koma wajen 30,000. Kamfanoni kimanin dubu suka rufe. A garuruwan duwatsun Jura an sallami gwanaye, an zubar da tsofaffin injuna ko an sayar da su a matsayin tarkacen ƙarfe, iyaye kuma suka daina tura 'ya'yansu koyon sana'ar. Babbar asarar ba ta injuna ba ce. Yawancin dabarun aikin hannu ba a rubuce suke ba, a wurin tsofaffi ake ganinsu a kwaikwaya, duk tsohon da ya mutu ba tare da almajiri ba kuwa ya tafi da nasa.

Tsohuwar Makarantar Le Solliat

Wanda ya shiga jirgin ƙasa daga Lozan, bayan ya wuce Le Pont da Le Lieu, kafin ya kai Le Sentier akwai wani ɗan ƙauye a kan tudu kusa da bakin kurmi, ana ce da shi Le Solliat. A cikin tsohon ginin makarantar ƙauyen ne Philippe Dufour ya kafa ɗakin aikinsa. Babu wani abin ƙawa a ciki sai teburan aiki a gaban taga, da magagarai, da tsofaffin injuna, waɗansunsu irin waɗanda kamfanoni suka yar ne a shekarun wahala.

An haifi Dufour a kwarin a 1948. Ya shiga makarantar agogo ta Le Sentier yana ɗan shekara 15, ya gama a 1967. Ya yi aiki da Jaeger-LeCoultre, ya zauna a ƙasashen waje har da tsibiran Karebiyan, sa'an nan ya komo gida. A 1978, lokacin da kowa ke gudun sana'ar, shi kuwa sai ya tsaya da ƙafarsa, ya kama gyaran tsofaffin agogon aljihu da ake kai wa gwanjo. A nan ne idonsa ya buɗe. In ya kwance agogo mai sunan wani kantin Jeneba ko na Ingila ko na Jamus, sau da yawa sai ya tarar kayan cikin aikin kwarinsu ne. Waɗannan tsofaffin agogo su suka zama malamansa.

Daga nan ya ɗaura aniyar ƙera mafi wuyar cikinsu, wanda ake kira Grande Sonnerie da Faransanci. Shi wannan agogo da kansa yake buga lokaci duk bayan minti goma sha biyar: ya buga yawan sa'o'i, sa'an nan ya buga kwata nawa ta wuce. In mai shi ya so, ya taɓa wani maɓalli, agogo ya buga masa har da mintoci. A cikin shekarun 1980 Dufour ya ƙera irinsa na aljihu guda biyar, kowanne ya ci aikin wajen sa'a 2,000. Kamfanin Audemars Piguet ne ya saye su, sunan kamfanin ne kuma aka rubuta a fuskarsu, kamar dai yadda aka saba yi wa kakanninsa.

To, a nan Dufour ya saɓa da al'adar kwarin. Ya koma ɗakinsa ya ƙanƙantar da wannan aiki har ya shiga gidan agogon hannu, abin da ba a taɓa yi ba, ya kai shi bikin baje kolin agogo na birnin Basel a 1992 da sunansa a rubuce a fuska. Na farko daga cikin irin waɗannan ne aka sayar a gwanjon 2021. A shekarar ce kuma wani dillali a Landan ya sayar da na uku, wanda tun asali aka yi wa Sarkin Brunei, a kan dalar Amurka miliyan bakwai da dubu ɗari shida da talatin.

A 1996 ya fito da wani mai suna Duality, mai zoben lilo biyu, yadda in ɗaya ya yi gaggawa ɗaya ya yi nawa sai kuskurensu ya raba tsakani. Dabarar ya samo ta ne daga waɗansu agogon aljihu da aka yi a makarantar Le Sentier cikin shekarun 1930. Ya yi niyyar ƙera guda 25, amma tara kaɗai ya yi, domin masu saye sun yi ƙaranci a lokacin. Ɗaya daga cikin taran nan ya yi faran miliyan uku da dubu ɗari shida da sittin a gwanjon 2021. Sa'an nan a shekarar 2000 ya fito da Simplicity, wanda ba ya komai sai nuna sa'a da minti da daƙiƙa, wana shi ake yi da hannu, zobensa kuma yana bugawa sau biyar a daƙiƙa kamar na mutanen da. Kimanin 200 ya ƙera cikin shekara goma sha wani abu. Abin mamaki, kaso mai yawa daga cikinsu mutanen Japan ne suka saye, watau ƙasar da agogon batir ya fito.

Abin Da Masu Tarawa Ke Biya

Mai tara agogo in an miƙa masa Simplicity ba fuskar yake fara dubawa ba. Yakan kifa shi, ya sa ɗan gilashin ƙara girma a ido, ya leƙa ta madubin da ke bayan agogon. Abin da yake nema shi ne gefen ƙarafan da ke riƙe da faya-fayai. Kowane gefe an dauje shi da magagari, an kashe masa kaifi, an goge shi har yana ƙyalli kamar ruwa. Wurin da ya fi ba da shaida shi ne lungun da gefe biyu suka haɗu ta ciki. Bakin inji mai juyawa ne, saboda haka in ya zo lungu sai ya bar shi a zagaye. Hannu ne kaɗai ke fitar da shi tsaf da tsini. Gogewar ƙarshe kuwa Dufour da karan wani tsiro yake yi, mai suna gentian, wanda ke fitowa a makiyayar duwatsun Jura. Yakan shafa masa garin lu'ulu'u ya yi ta murzawa. Har ƙarafan da ke ɓoye a ƙarƙashin fuskar agogo, waɗanda mai shi ba zai taɓa gani ba, haka ake yi musu.

Wannan aiki ba ya ƙara wa agogo daidaito yadda zai kamo na batir, masu saye kuma sun san haka sarai. Abu uku suke biya. Na farko, sanin hannun da ya yi aikin, domin babban kamfani yana fitar da agogo dubbai a shekara, ba wanda zai ce ga wanda ya yi wannan. Na biyu, ƙaranci, tun da abin da mutum ɗaya zai ƙera a tsawon ransa ƙidayayye ne. Na uku, asali, watau cewa kowace dabara da ke cikin agogon ana iya bin sawunta har zuwa tagogin nan na gidajen gona. Ga kuma wata fa'ida: agogon da aka yi da ƙarfe da sifirin, in wani abu ya karye a cikinsa ko bayan shekara ɗari, gwani zai iya ƙera madadinsa.

Ba Dufour kaɗai ke wannan tafarki ba. Tun a 1985 waɗansu maƙera biyu, Svend Andersen da Vincent Calabrese, suka kafa ƙungiyar maƙeran agogo masu zaman kansu, domin su sami wurin nuna aikinsu da sunansu. A lokacin ba a kula da su ba. Yau kuwa masu kuɗi na jiran shekaru kafin layi ya zo kansu.

Sai dai ba duk mai saye ne mai sha'awa ba. Tun da farashi ya hau, an sami masu sayen agogo su kulle a banki suna jiran riba, ba su taɓa ɗaura shi ba balle su wana shi. Galibi kuma kuɗin gwanjo ba ya shiga aljihun maƙeri, na wanda ya saya da arha ne tun da fari.

Wa Zai Gada?

Kwarin Joux ya farfaɗo. Kowace safiya dubban ma'aikata na ƙetarowa daga Faransa zuwa masana'antunsa, inda ban da waɗanda aka ambata akwai na Breguet da Blancpain. A 2020 Audemars Piguet ya buɗe gidan tarihi na gilashi a Le Brassus, mai siffar naɗaɗɗen sifirin. A watan Disamba na shekarar kuma Hukumar UNESCO ta sa sana'ar agogon wani ta yankin Jura, ɓangaren Suwizalan da na Faransa, cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

Amma yawan masana'antu ba shi ne yawan gwanaye ba. Yawancin kayan cikin agogon zamani injuna masu aiki da kwamfuta ne ke yanka su, ma'aikaci kuwa yakan ƙware a kan abu guda, ya shekara ashirin bai ƙera agogo daga farko zuwa ƙarshe ba. Dufour ya daɗe yana kokawa a kan haka. Shi ya sa ya haɗa kai da waɗansu maƙera biyu, Robert Greubel da Stephen Forsey, suka ɗauki wani malamin makarantar agogo daga Faransa mai suna Michel Boulanger, suka koya masa ƙera agogo da hannu da tsofaffin injuna, ana ɗaukar kowane mataki a hoto, domin shi ma ya koya wa ɗalibansa. Aikin ya ci shekaru, agogon gwajin da ya fito daga ciki kuwa an yi gwanjonsa a Hong Kong a 2016 a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Har maƙeran Seiko na Japan sun nemi shawararsa kan gogewar hannu, bai hana su ba. 'Yarsa ma ta yi makarantar agogo ta shiga sana'ar.

Duk da haka, almajiri ɗaya ko biyu ba su isa su riƙe abin da dā kowane gida a kwarin ya sani ba. Attajiri na iya ɗaga hannu a gwanjo ya ƙara miliyan guda cikin minti ɗaya, amma koyon fitar da lungu guda da magagari sai an yi shekaru a gaban teburi, kusa da wanda ya iya.

Baƙon da ya yi niyyar zuwa, ya fi kyau ya zo tsakanin watan Yuni da Satumba, lokacin da mashigun duwatsu ke buɗe kuma shanu na kan tudu. Ɗakin aikin Le Solliat ba wurin yawon kallo ba ne, amma a Le Sentier akwai gidan tarihi mai suna Espace Horloger, inda kowa zai iya ganin aikin mutanen kwarin tun daga na farko. In ya fito, ya bi hanyar da ta nufi kurmi da ƙafa, ya riƙa ɗaga kai yana duban saman tsofaffin gidaje. Tagogin suna nan a jere, sai dai a mafi yawansu yanzu labule ne ke rataye.